Warware Mas'alar Jinsin Jirgin Ruwa a Wajen Turawan Ingila

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗalibi, wakilan suna na tilo na mutum na uku a Ingilishi uku ne: "he" na namiji, "she" na mace, sai "it" na abin da bai samu rabo a ɗayan biyun ba, kamar cokali da tsani. Bisa ƙiyasi, jirgin ruwa "it" ne, domin ƙarfe ne da ƙusoshi. Amma matuƙan Ingila sun saɓa wa ƙiyasi tun kaka da kakanni, suna ce masa "she". Malamai sun kasu uku a kan dalili.

Na ɗaya, ma'abota nahawu. Suka ce gado ne daga Latin, inda kalmar jirgi mace ce. Wannan hujja mai rauni ce, domin a tsohon Ingilishi "scip" ba namiji ba ne, ba kuma mace ba.

Na biyu, ma'abota ilimin walwalar harshe. Suka ce ɗabi'ar namiji ce ya mayar da duk abin da yake tuƙawa, ko yake tsoro, mace. Shahidinsu shi ne Amurka, wadda ta riƙa raɗa wa guguwar teku sunayen mata zalla daga 1953 har zuwa 1979.

Na uku, matuƙan da kansu, waɗanda suka ce uwa ce, tunda a cikinta suke kwana.

Idan mai jayayya ya ce: to, yaya batun jirgin yaƙin nan mai suna Yariman Wales? Sai mu ce: suna daban, wakilinsa daban. Yariman "she" ne a bakin sojan ruwa, kuma ba a ji fadar Ingila ta kai ƙara ba.

A 2002, jaridar Lloyd's List ta Landan, wadda ke bin labarin jirage tun 1734, ta yi fatawar komawa "it". Rundunar sojan ruwa ta ƙi. A 2019 gidan tarihin jirage na Sikotilan ya bi fatawar, bayan da wani ya kankare "she" daga allunansa.

Sai dai akwai wajen da dukkansu suka gafala, kuma nan ne zuciyar mas'alar. Bature yana furta "she" ne daidai da "shi" namu. Ke nan duk tsawon zamanin nan, a kunnen Bahaushe, maganarsu sahihiya ce, domin jirgi namiji ne: jirgi ya taso, jirgi ya nutse. "It" kuwa "ita" ce, wasali ɗaya kawai ya faɗi a hanya.

Saboda haka hukuncinmu shi ne: jirgin Ingila bai zama mace ba sai a 2002, ranar da aka zauna domin a raba shi da zama mace. Wallahu a'alamu.