Kowa Mudir Ne a Gadarif

In ka tsaya a kasuwar amfanin gona ta Gadarif a Sudan lokacin kakar riɗi ka ce "ya mudir!", wato manaja, rabin kasuwar za ta waiwayo.

Akwai mai injin matsar man riɗi. Shi ne mudir, shi ne akawu, shi ne mai gadi, in bel ya tsinke kuma shi ne bakanike. Ma'aikatansa biyu: ɗan ƙanwarsa, da wani da ya zo bin bashi tun bara ya samu wurin zama.

Na babban ofis kuwa ƙofarsa kawai muka sani. Da safe bai iso ba, da hantsi yana fatur, wato karin kumallo, daga nan sai taro. Hatimi na hannun mataimakinsa, mataimakin ya tafi ta'aziyya.

Amma nawa gwanin shi ne wakilin mashru'i, wato babbar gona. Tun da aka kawo noman tarakta yankin Gadambaliya a shekarun 1940, gona ta zama fadan dubu, mai ita na gari yana shan gahawa, wakili na can kambo, wato sansanin gona, yana mulki. Da damina ta sauka, baƙar lakar nan ta datse hanya, to ba mai tambayarsa sai Allah. Shi ne alƙali in direbobi sun yi faɗa, shi ne liman, shi ne likita mai ƙwaya ɗaya tak, ta ciwon kai da ta harbin kunama. Yakan hau bayan tirela neman sabis, ya ƙwala wa mai gona rahoto: "Alhaji, komai tamam!" Ko tsuntsu ya cinye dawa, tamam. Man tarakta a wurinsa yana da wata irin ɗabi'a ta ƙafewa cikin ganga a rufe. Duk da haka, in ya dubi hadari ya ce a shuka gobe, shuka kawai. Ba takardar jami'ar da ta kai idonsa. Shi ya sa Alhaji ke zaginsa kowace kaka, ya kuma mayar da shi kowace damina.

Mu masu "maktab" na teburi ɗaya da katin suna mai ruwan zinariya, a bar mu a gefe. Yaron shayi ma yana kiranmu mudir in yana son kuɗinsa.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai riƙe haƙƙin jongo, wato 'yan ƙwadagon yankan riɗi. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya zube. Mutane su taso daga yamma, wasu daga Habasha ta Gallabat, su yini a duƙe da lauje. Ranar biya sai ya buɗe littafi: garin dawa, busasshen kifi, sukari, sabulu, kowanne da farashin kambo, ninkin na gari. Abin da ya rage kuma, "Alhaji bai aiko ba." Alhaji ya aiko tun ranar Talata.