Taubashina Ya Tafi Tawa da Jakar Sakkwato

Ɗan Gwaggo! Tun daren Talata nake jin ka a majalisar Ƙofar Rini kana cika baki wai ka je ƙasar waje, har kana gyara zaman hula. Tawa ce fa, bawana. Daga nan zuwa Illela, a tsallaka Birnin Ƙonni, a miƙe arewa. Kakanmu a kan jaki ya yi ta da lalita ɗaure a ƙugu, kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. Kai ka tafi da katin banki biyu da waya mai ido uku, ka dawo da bashin fura.

Tun a Illela 'yan canji suka yi ta kiran ka, ka ɗaga musu hannu kamar gwamna, wai kai ɗan zamani ne. Ƙonni ta ƙara ruɗa ka, don can naira ba baƙuwa ba ce: mai shayi ya karɓa, ɗan kabu-kabu ya karɓa. Sai da mota ta ajiye ka a Tawa, mai kilishi ya juya takardar naira gaba da baya, ya miƙo maka abarka cikin ladabi, sannan ka san ka bar gida.

Amma inda cikina ya ƙulle don dariya shi ne wurin ciniki. Direban da ya kai ku ne ya fesa mini, kada ka zargi kowa. Mai kilishi ya ce jikka biyu, kai kuma ka washe baki, ka ce a naɗe maka uku tunda abin banza ne. A lissafinka jaka naira 200 ce, kamar yadda muka gada tun zamanin fam, lokacin da fam 100 ke cika jaka. A Nijar kuwa jikka sefa 1,000 ce cur. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta yi ta gangara, ita sefa tana ɗaure da kuɗin Turai tun 1999, Yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ko gezau. A 2024 jikka guda ta haura naira 2,000. Wato kilishin da ka ɗauka na naira 400 ne ya fi na naira 4,000, kuma ka riga ka ci kusan rabi da sunan ɗanɗano.

Mai fura ma ba ta tsira ba. Ta ce ɗari, ka miƙa mata ƙwandalar sefa 100 da direba ya ranta maka, kana jiran godiya. Su can da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Dala ashirin ka ba ta, baiwar Allah, ɗarinta kuwa sefa 500 ce. An ce ka tsaya kana lissafi da yatsu har ƙudaje suka gama da ƙwaryar. Kai da ka yi shekara uku kana maimaita aji huɗu saboda lissafi, wa ya aike ka ƙasar da ake ninka komai sau biyar?

Da ka ce za ka yi tiransifa, sai ta tambayi maƙwabciyarta ko wani irin magani ne. Ka zaro kati, ka zaga gari neman na'urar da za ta san shi, ba ta samu ba. Ƙarshe wa aka buga wa waya da tsakar dare? Ni, ɗan Kawu, ubangidanka. Na sa wani ɗan canji a Illela ya tura wa yaronsa a Ƙonni, yaron ya aika ta kamfanin aiken kuɗi na Nita, ka je ka karɓa da katin shaida kana muzurai. Ladar canji da ta aike duk daga aljihuna suka fita, kuma na rubuta.

Abin da ya fi ba ni haushi, tsarabar da ka kawo mini cukui ne guda biyu, ɗaya ma da gurbin haƙori. Cika-ciki na tafe, kuma kada in ga ƙeyarka a ƙofar gidana kana neman kuɗin shara. Bana jaka biyu zan ba ka, ta Sakkwato. Bashina kuwa jikka goma sha biyu ne, kuma da lissafin Tawa za ka biya.