Yadda Za Ka Rubuta CV Don Kada a Ɗauke Ka Koyar da Turanci

Malam, idan burinka takardarka ta ƙare a hannun mai ƙosai, hanyar ba wuya.

Kada ka wahalar da kanka da rubutu. Shiga shagon buga takardu a Tudun Wada ko Pantami a garin Gombe, ka ce wa yaron shago ya buɗe CV ɗin wanda ya zo kafin kai, ya sauya suna. In ya manta da sauran, ka fito matar aure 'yar Billiri, ba komai, masu makarantu sun saba gani.

Shafi biyar ne mafi ƙaranci. Fara daga firamare, har da shekarar da aka naɗa ka monita. NCE ɗin da ka sha wuya a kansa a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe, ko digirinka na Jami'ar Jihar Gombe, tura shi can shafi na huɗu inda ido ba ya kaiwa. Lambar rajistarka ta TRCN, hukumar da dokar 1993 ta ɗora wa yi wa malamai rajista, bar ta a gida, kada ta yi datti.

Sai batun kuskure. Malamin lissafi in ya karya Turanci, ana kawar da kai. Kai da ka zo koyar da Turancin, tun daga layin farko ake fara yi maka maki, kuma shugaban makaranta da jan biro yake karatu. To, ka tausaya masa, ka bar masa kurakurai uku ko huɗu a sama-sama, ya samu abin yi. Ko sunan makarantar tasa ma ka rubuta shi a karkace.

Abin da ka iya kuwa, ɓoye shi. Ka riƙe ajin ƙarshe na sakandare har suka zauna WAEC da NECO? Yi shiru. Kana jin Fulatanci ko Tangale, har kana iya fahimtar da yaron da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba? Wannan ai fariya ce. Rubuta cewa kana sha'awar karatu da tafiye-tafiye kamar kowa, ko da tafiyarka mafi nisa Kumo ce.

Lambar waya, sa ta layin da ya ɓata bara. Mai tsaya maka kuma kawunka ne, wanda in an kira shi zai ce, "Au, yaron nan malanta yake yi?"

In kana hangen Saudiyya ko Turkiyya, makarantun can sukan tambayi CELTA ta Cambridge ko wata shaidar koyar da Turanci ta awa 120. Aika musu takardar shaidar ƙaramar hukumarku, su ma su san kai ɗan asali ne.

Wanda yake son aikin da gaske, shafi biyu sun ishe shi. Ya kai wa wani malamin Turanci ya duba masa kafin ya biya kuɗin bugawa.