Wa Ya Buɗe Firij?

A Amurka akwai wani kayan zaƙi da ake ci bayan abinci, wanda bidiyoyin girki suka shigo da shi kicin ɗin matanmu: fai na cakulan da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Hawa uku gare shi. Na ƙasa dakakken biskit ne da aka cuɗa da narkakkiyar bota, aka danne a faranti mai ɗan zurfi. Na tsakiya gyaɗar ce da cuku mai laushi da niƙaƙƙen sukari da kirim da aka buga har ya kumbura. A sama kuma a malala cakulan da aka narkar cikin kirim mai zafi. Sai a tura firij a ƙyale shi aƙalla awa 4, in da hali ya kwana. Ba yis, ba suya, ba tuƙi. Duk wadda ta iya dama koko za ta iya shi. Wahalar tana wajen mutanen gida, domin kafin awa huɗun nan su cika halin kowa ya fito fili.

Akwai mai bin bidiyo sau da ƙafa. In Baturiya ta ce kofi ɗaya, to kofi ɗaya, kuma na Amurka mai cin kusan mililita 240, ba kofin silba na bakin randa ba. Wayarta na jingine da robar gishiri, fuskar wayar duk maiƙo, tana tsayarwa tana komawa baya. An ce biskit ɗin Graham, sai ta zaga kantunan gari kaf tana cigiya, har ta yi wa ƙawarta da ke Legas waya, alhali duk biskit mara kirim da zai daku ya wadatar. Ta ji an ce a gasa hawan ƙasa minti 10 a kan 350, ba ta san ma'aunin zafin Amurkawa daban ne ba, 350 ɗinsu kusan 180 ne a oben ɗinmu. Sai ta murɗa har ƙurya. Ƙaurin ya isa gida na uku. Amma ina girmama wannan baiwar Allah, don a karo na biyu nata kan fito tsaf, kuma ba ta ɗora wa kowa laifi sai mai bidiyon.

Wadda ta fi ba ni nishaɗi ita ce mai cewa duk ɗaya ne. Ita ba ta taɓa fasa girki don rashin kayan haɗi ba. Babu cuku? Ga yogot. Babu kirim? Ga madarar gwangwani. Babu cakulan? Ai ga Milo na yara. Bota ta yi tsada, sai ta zuba man gyaɗa, tunda dai gyaɗa ce a ciki. In ka ce mata, "Anti, kirim fa sai yana da kitse sosai, kuma yana da sanyi, kafin ya kumbura," sai ta dube ka da tausayi ta ce, "Kai dai zuba ido." Ta kama maburgi ta yi ta burga madarar nan har kafaɗarta ta yi tsami, madara ta ce ban san zancen ba. Abin da ya kamata ya riƙe hawan tsakiya shi ne cukun nan da iskar da kirim ya haɗiye, ita kuwa ta sallami dukansu biyu. Bayan awa 6 a firij sai a nemi wuƙa, daga baya a koma neman ludayi. Ba za ta karaya ba ko kaɗan. Za ta zuba wa kowa a kofi, ta ce da ma Turawan haka suke shansa. Kuma gaskiya yana da daɗi. Sai dai kunun gyaɗa ne mai sanyi, kuma akwai hanyar yinsa da ta fi wannan araha.

Mai gaggawa kuwa ba ta ɗaukar lokaci, don haka ni ma ba zan ɗauka a kanta ba. Ta ɗora cakulan kai tsaye a kan wuta, ya fara kamawa, ta yayyafa ruwa kaɗan don ya saki. Ɗigon ruwa a narkakken cakulan dunƙule shi yake yi ya zama curi. Da ta zafafa kirim ta juye a kai, ta ba shi minti biyu kafin ta juya, da an wuce wurin.

Duk wannan hidima Inna na zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, carbi a hannu, ido a kan kwano. Ta sa yatsa ta lasa, ta ce, "Wannan ai tunkuza ce ta je Turai ta dawo." Inna ba ta yarda da gyaɗar kwalba ba. Sai an auno kwano guda a kasuwa, an soya da yashi, an murje ɓawo, an fece, an kai inji. Daga nan labari ya ɓalle: yadda mahaifinta ya yi dakon buhuna a Kano lokacin dalar gyaɗa, yadda ake jera su har sai hular mai kallo ta faɗi. Ba ƙarya take ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna a cinikinta, har fari da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 da kuɗin man fetur suka haɗu suka rushe dalar. A batun ɗanɗano ma Inna ce da gaskiya, sabuwar suya ta fi ƙamshi nesa ba kusa ba. Abin da ba za ta saurara ba shi ne cewa ta gida mai yakan taso mata a sama, sai an juya sosai an ɗan sa gishiri, in ba haka ba fai ɗin ya yi ta tsattsafo da mai. Yawancin ta kwalba an sa mata daskararren mai ne don kada ta rabu, ko da yake dokar Amurka ta ce dole kashi 90 cikin 100 ya zama gyaɗa. Idan aka gama aka miƙa mata nata yankan, za ta cinye tas, ta suɗe cokali, ta ce ba laifi, amma da an barbaɗa ɗan yaji.

Ƙanin maigida shi ne masanin gidan. Yana jingine da ƙofar kicin, hannu a aljihu, yana ba da lacca ga mutanen da hannuwansu ke cikin kwano. "Anti, kin san wanda ya fito da nasa cakulan mai markaɗaɗɗiyar gyaɗa a ciki har ya shahara? H. B. Reese, a 1928, a garin Hershey na jihar Pennsylvania." Ba wanda ya tambaye shi. Zai ƙara da cewa ita kanta gyaɗar 'yar Kudancin Amurka ce, Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka, maganar da in Inna ta ji sai ta daina amsa gaisuwarsa. Zai faɗa maka Kwaddibuwa da Gana ne ke noma wajen rabin kokon da ake yin cakulan da shi a duniya, kuma da kuɗin koko aka gina dogon benen nan na Ibadan da aka buɗe a 1965. Ranar da abin ya motsa masa sosai har cewa yake wannan faranti haɗin kan ƙasa ne, kokon Ondo da gyaɗar Kano a wuri ɗaya. Duk abin da ya faɗa daidai ne, shi ya sa ya fi ban haushi. Ba a taɓa ganin ya wanke ko cokali ba.

Shi kuwa maigida lissafi ya dame shi. Ya ɗaga kwalin cakulan ya duba farashi ya yi salati. Masanin ya tuna masa cewa a 2024 tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, abin da bai sanyaya masa rai ba. Ya haɗa kuɗin cuku da na kirim da na bota, ya ɗora na fetur ɗin da janareto zai sha tunda an ɗauke wuta tun la'asar, ya ce da tsire aka saya da har maƙwabta sun samu. Ya rantse shi ba zai ci ba, abincin yara ne.

A riƙe wannan rantsuwa, domin yanzu muka zo kan babban mai laifi, wato mai buɗe firij. Ba a san shi ba. Ba a taɓa kama shi ba. Abin da aka sani kawai shi ne an rufe fai da leda sumul, an gargaɗi kowa da sunansa, amma kafin isha an ga rami daidai girman yatsa a tsakiyar cakulan. Kowace buɗewa sanyi take fitarwa, kuma a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya wannan sanyin shi ne jarin uwargida gaba ɗaya. Sai a kafa kotu. A tara yara a shinshina bakinsu, a duba farce. Auta ya fashe da kuka ya ce shi dubawa kawai ya yi ko ya yi ƙarfi. Yayarsa ta ce ita ruwa ta je ɗauka, sau biyar. Uwargida ta auna ramin da ido, ta ga ya fi ƙarfin yatsan yaro, ta juya ta kalli mai rantsuwa, wanda a daidai lokacin ya duƙufa sauraron labaran duniya a rediyo. Akwai irinsa mai wayo, wanda yakan shafe ramin da bayan cokali. Wannan ya fi haɗari, don da safe sai a ga fai ɗin lafiya lau, amma ya rage tsawo.

In Allah ya sa ya tsira ya daskare, sai mai hoto ta karɓe shi. Kada kowa ya taɓa. Ta fito da shi tsakar gida don haske, ta canza faranti, ta jera ƙwayoyin gyaɗa a gefe, ta hau kujera. Kitsen koko kuwa yana narkewa ne a kusan digiri 34, ita kuma tana wannan aiki a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura 40. Hoton farko fai ne, na ashirin kuwa sai an yi bayani. Ita ce dai ta san dabarar tsoma wuƙa a ruwan zafi a goge kafin kowane yanka, don haka a yafe mata rabi.

Gwaggo ba ta shan zaƙi, likita ya hana. A ba ta ɗan mitsitsi kawai don kada a ce ta ƙi. Ta ci. Sai ta lura gefen da aka yanka ya karkace, ta ɗauki wuƙa ta daidaita shi. Daidaitawar ta sa ɗaya gefen ya fi tsawo. Gwaggo mace ce mai son tsari, ba za ta bar aiki rabi ba.

Ana cikin haka sai ga sallama, yaron maƙwabta da kwano a hannu. "Wai in ji Mama tana gaisuwa, wai ƙamshin me take ji tun rana?" Uwargida ta yanka mata mai kyau, daga gefen da ba rami, ta rufe, ta ce wa yaron ya yi sauri kada ya tsaya wasa a hanya. Bayan rabin awa ya dawo da kwano a wanke, da 'yan dabino a ciki. "Wai an gode, Allah ya ƙara buɗi. Wai ya yi daɗi sosai, sai dai ya iso da sanyi, amma ta ɗumama."