Yadda Ake Raba Jariri da Famfas Ba Tare da An Raba Aure Ba

Wannan shawara ta matan da mazajensu suka iya lissafi ce. In naki bai iya ba, ki yi hamdala ki wuce shafi na gaba. Nawa malamin makaranta ne a nan Sule Tankarkar, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba abin da ke shigowa gidanmu sai an yi masa tarawa da ɗebewa a bayan littafin darasi. Sukari ya sha lissafi, madarar gwangwani ta sha, daga ƙarshe layi ya iso kan ɗuwawun jaririya.

Kuma lissafin nasa ba ƙarya ba ne. A Disambar 2023 kamfanin Procter & Gamble mai yin Pampers ya sanar zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su daga waje. A 2024 Kimberly-Clark mai Huggies ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. In manyan kamfanonin duniya sun tattara komatsansu, wace ce matar malami da za ta tsaya gardama? Masu kanti ma sun gane halin da ake ciki, sun farke leda suna sayarwa ɗaiɗai. To, ga yadda ake komawa nafkin.

Na ɗaya, sayayya. Ba zan koya miki naɗi ba, duk wadda ta yi renon ƙanne ta iya shi ido rufe. Abin da zan ce, ki nemi dozin biyu na mai tawul, ki wanke su sau da yawa kafin su taɓa jikin yaro, don sabon ƙyalle ba ya shan ruwa, barinsa yake ya gangara kan cinyarki. In kina da mai zuwa Kano, ki ba shi saƙo Kantin Kwari. In babu, saura ranar Alhamis a Maigatari. Amma kada ki aiki maigida shi kaɗai. Namijin da ya shiga kasuwar Maigatari da kuɗin nafkin a aljihu sai ya fara biyawa ta kara, ya taya ragon da ba zai saya ba, ya tsaya kallon raƙuman da aka koro daga Nijar, ya ji nawa buhun riɗi ya kai. Da magariba zai dawo miki da labarin farashin bijimi, da rake, da nafkin rabin dozin, yana cewa ai wankewa ake yi.

Na biyu, ruwa. Zauna da kyau, nan za mu daɗe.

Duk wanda ya ce miki nafkin ya fi araha, tambaye shi wa ke ɗebo ruwa a gidansu. Ƙyallen da yaro ya ɓata sai an ɗauraye shi nan take, a jiƙa, a wanke, sannan a yi ta ɗauraya har kumfar omo ta fita tas, domin ragowar omo ce ke cin fatar yaro ta fito da ƙuraje. Kowane mataki bokiti ne. Mu kuwa a ƙasar Gumel ruwa ba a bakin ƙofa yake ba. Rijiyoyinmu sai ka ƙulla igiya da igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Tuƙa-tuƙar unguwa in ta yi aiki wannan makon, mako mai zuwa an cire mata hannu ana jiran mai gyara. Famfon sola yana da nasa sarautar, in hadari ya rufe rana shi ma ya tafi hutu. Saura ɗan garuwa, wanda yanzu ya san kukan 'yata fiye da kawunnanta. Da can sai na leƙa na kira shi. Yanzu da kansa yake jingine kurarsa a ƙofar gida yana sallama da fara'a, yana tambayar ya mai sunan Hajiya ta kwana. Kuɗin da muka hana mai kanti, ga shi nan yana fita jarka-jarka. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Da na kai wa Malam ƙara, sai ya ce, "Ai ruwa ba ya cikin lissafin." Ba ya ciki! Haka itacen dafa ruwan ba ya ciki, sabulu ba ya ciki, bayana da ke sunkuye tun asuba ba ya ciki. Wannan kuma ba raha nake yi ba. Jihar nan tun 1991 aka ƙirƙiro ta, 'yan matan da aka haifa a shekarar sun aurar da ƙannensu, wasu na shirin aurar da 'ya'ya, amma har yau mace mai jego sai ta auna ko ta yi wanka ko ta wanke ƙunzugun ɗanta. A zo lokacin zaɓe a raba mana atamfa da sabulu. Sabulun da wane ruwan?

Na uku, Hajiya. Surukarki za ta goyi bayan nafkin da farko, don dama ba ta taɓa yarda da abin da ake saya da kuɗi a cika da kashi a jefar a bola ba. Kada ki yi murna. Nan da nan za ta sanar da ke cewa nafkin ɗin ma lalaci ne. Ita a zamaninta miƙe ƙafafu take yi, ta ɗora yaro a kan ƙaurinta, ta yi masa 'yar siii da baki, ya yi abinsa, a zuba toka a share. "Ke dai ba ki iya karanta fuskar yaro ba ne, 'yar nan." Ki ce, "Haka ne, Hajiya." Sannan ki miƙa mata jikarta ta karanta. Ba zan faɗi abin da ya sami zanenta na zuwa Juma'a ba.

Ita ce kuma za ta kafa dokar cewa kayan jariri ba sa kwana a igiya, saboda iska da mugun ido. Ko sun bushe ko ba su bushe ba, magariba na yi sai ɗaki.

Na huɗu, ko na biyar ne, shanya. Rana ce kaɗai abokiyarki, tana busarwa ta kuma cinye tabon da sabulu ya kasa. Sauran duk abokan gaba ne. Da hunturu ki shanya fari ki kwashe ruwan ƙasa, ya sandare har sai kin murza shi kafin ya naɗu. Da damina ya yini a igiya ya kwana a bayan kujera, ɗaki ya ɗauki wani wari da turaren wuta ke gaisarwa ya koma. Da bazara ya bushe kafin ki juya, amma a zafin nan na Afrilu wa zai kulle ɗan mutum cikin wandon roba? In kin sa, ƙuraje. In ba ki sa ba, katifa. Man kaɗanya yana taimako, ki shafa kaɗan ki bar yaro ya sha iska a tabarma. Akuyar maƙwabta kuma... a'a, bar maganar akuya, har yanzu ba ma gaisawa sosai da uwar ɗakinta.

Fil. Ki sa yatsunki biyu tsakanin ƙyalle da cikin yaro, in za a soki wani ke za a soka. Da tsakar dare, da fitilar waya a baki, za ki tabbatar da hakan.

Akwai wata shawara a kan guga da dutsen gawayi, na fasa. Wadda ke da lokacin goge nafkin ba ta buƙatar shawarata.

Ta ƙarshe, kuma ki rage murya. Cikin kuɗin cefane ki riƙa cire na famfas ɗaya ko biyu, na dare da na ranar awo da na gidan biki, don ba a shiga taron mata da goyo yana ɗiga a bayan sabon leshi. Ki ɓoye su a ƙasan akwatin lefe, inda namiji ba ya kai hannu. In Malam ya shigo da safe ya ga katifa a bushe ya ce, "Kin gani ko? Dama na ce za ta saba," ki ce masa albarkacin lissafinsa ne, sannan ki tuna masa ɗan garuwa na ƙofar gida yana jiran kuɗin jiya.