Jinjina ga Kyamara Mai Rufin Asiri

A yi wa direban nan kirari, wanda ya sayi kyamarar gaban mota, ya liƙa ta a gilashi, ya shiga saiti ya sauke ƙarfin hotonta zuwa can ƙasa don kada memori ya cika. Allah Ya ƙara basira! Kyamarar dai da kanta take share tsofaffin faifai ta ɗora sababbi idan wuri ya ƙare, amma ina ruwan mai tattali da wannan bayani?

Masu son ɓarna su ne ke cewa a bar ta a 1080p, wai ɗigon hoto kusan miliyan 2, ko a hau 1440p don lambar motar da ke gaba ta karantu. Gwanin namu 720p ya zaɓa, wadda ɗigonta bai kai miliyan ɗaya ba, inda kuma aka ba shi zaɓin inganci ya danna na ƙasa. Sai kyamarar ta riƙa matse bidiyon, tana zubar da duk abin da ta ga bai zama dole ba. Idan mota tana tsaye, hoto tangaram. Da ta fara gudu sai bishiyoyi da allunan hanya da lambobin motoci su narke su zama dabbare-dabbare. Wato ta san lokacin da ya kamata mai mutunci ya kawar da kai.

A nan ladabinta yake. Ba ta tsegumi, ba ta tonon silili. Wani ya sha gabanka ta hannun da bai dace ba, ya kwashe maka madubi ya ƙara wuta, ka dawo gida cikin fushi ka buɗe faifan: ga mota nan kam, fara ce ko ruwan toka, Allah Ne masani. Lambar kuwa an rufa wa bawan Allah asiri, shi ma yana da iyali. Da dare abin ya fi armashi, domin hasken fitilarka na dukan lambar sai ta koma farin fili fes, tun da saitin daidaita haske da duhu shi ma an kashe shi, wai yana wahalar da na'ura.

Kada a manta da ɗan kasuwar da ya sayar da ita, shi ma ya ci yabo. A jikin kwali an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, alhali 4K ta gaskiya ɗigo sama da miliyan 8 ce, idon wannan kuwa ƙaramin hoto yake ɗauka, a buɗa shi ya cika allo, kamar kunun da aka tsinka da ruwa don ya ishi baƙi. Ai karamci ne.

Dubi Rashawa, mutanen da ba su san kara ba. Saboda masu faɗawa gaban mota da gangan don karɓar diyya, suka cika motocinsu da kyamarori, har ranar 15 ga Fabrairun 2013 da dutse ya faɗo daga sama ya tarwatse a saman yankin Chelyabinsk na ƙasarsu, suka ɗauke shi duniya ta kalla. Ko dutsen sama bai tsira daga sa idonsu ba. Da ta gwaninmu ce, sai a ɗauka wata tirela ce ta ƙi rage fitila.

Sai ranar zuwa ofishin 'yan sanda bayan an yi karo. Gwanin namu ya zaro memori yana taƙama, "Yallaɓai, ga shaida." A gefen hoton kwanan wata yana nan 1 ga Janairu, yadda aka fito da ita daga masana'anta, don ba a taɓa saita agogon ba. Jami'i ya matso da fuska, ya ja baya, ya kira abokin aikinsa, su biyu suna gardama ko Golf ce ko a-kori-kura. Kafin la'asar an yi sulhu, kowa ya gyara tasa, masu gyaran jikin mota da fenti su ma sun samu na cefane.