Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamfutocin rajista biyu masu gaba da juna

Zuwa ga Hajiya ta Abuja da Hajiya ta Yamai,

Bayan gaisuwa da fatan ba a ɗauke muku wuta ba, mai wannan takarda, wani mazaunin Ruwan Bore ta ƙasar Gusau, yana neman izinin yin shisshigi a zaman gidanku. An ce ku biyun sana'arku ɗaya, wato rubuta sunayen 'yan kasuwa a kundin gwamnati, amma ko barka da asuba ba ta haɗa ku. Kishiyoyi ma dai sukan gaisa ranar salla.

Ba don kansa yake magana ba. A ɗauki misalin matashin da ke sayen waken suya da dawa a kasuwannin Tsafe da Bunguɗu, ya ga akwai ciniki a Maraɗi, ya ƙudurta ya kafa kamfani mai ƙafa biyu, ɗaya nan ɗaya can. Hajiya ta Abuja za ta fara tarbarsa, kuma gaskiya ta gyaru. Hukumar CAC da aka kafa a 1990 yanzu ta intanet take rajista, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tal ya kafa ƙaramin kamfani ba sai ya aro sunan ƙanensa ba, lambar haraji kuma tana zuwa tare da satifiket. Ya ba da lambar NIN, banki ya karɓi BVN, ya fito yana baza hanci da takarda a waya.

Da wannan takarda zai bi ta Jibiya, ya ƙetare zuwa Ɗan Isa, ya isa Maraɗi, inda za a dube ta kamar an miƙa wa makaho madubi. Hajiya ta Yamai ba ta san NIN ba, ba ta taɓa jin BVN ba. Ita abin da ta sani RCCM da NIF, wato rajistar kasuwanci da lambar haraji, kuma dokarta ta OHADA ce, wadda aka ƙulla a 1993, ƙasashe 17 ke bi, ba Najeriya a ciki. Ɗaya ta gaji Ingila, ɗaya ta gaji Faransa. Shi kuwa bawan Allah da abokin cinikinsa da Hausa suka gama magana tun a waya, har sun yi wa juna tayin tuwo. Sai a koma farko: sunan uba, ranar haihuwa, hoto, fassarar takardu, hatimi, da kuɗin da ake canzawa daga naira zuwa sefa yana ramewa a hanya.

Abin kunyar shi ne, kakanninsa sun fi shi samun sauƙi, alhali jakuna suke kora. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya kafin su kai Salaga, amma sun san a kowane zango akwai mai gida da zai saukar da su, ya ajiye kaya, ya nemo dillali, ya tsaya musu a kan bashi. Shaidar da mai gida ya bayar a wannan zango takan riga baƙo isa na gaba. Ba su da intanet, suna da amana mai tafiya. Ku kuna da intanet, amanar ce ke tsayawa a shingen kwastan.

Kada ku ce ba a taɓa yi ba. Estoniya, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin na Zamfara ba, tun 2001 ta shimfiɗa wa kwamfutocin ma'aikatunta hanyar zance da juna mai suna X-Road, ta kuma hana ofis ya sake tambayar mutum abin da gwamnati ta riga ta sani. A 2014 ta buɗe wa baƙi ƙofar kafa kamfani ta intanet daga ƙasashensu, a 2018 aka haɗa hanyar da ta Finland. Su ma harsunansu biyu ne.

Mai takarda ya san ba ku kaɗai ke da laifi ba, masu gidanku ma sukan yi fushi. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, a Janairun 2025 kuma Nijar ta bar ECOWAS. A gida ma, a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, sai mutum ya fita jihar kafin ya ji muryar ɗan'uwansa, balle ya cike fom. Wanda ya ga wannan ba ya ɗaukar sabis a matsayin gado.

Duk da haka shugabanninku sun sa hannu a kasuwar Afirka ta bai ɗaya, wadda aka ce ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, kuma a Fabrairun 2024 suka amince da yarjejeniyar cinikin intanet a ƙarƙashinta. Ana ma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Zai zama abin dariya a ce buhun wake ya isa a jirgi cikin sa'o'i, takardar mai waken tana nan tana jiran hatimi.

Ba a ce ku koma ɗaki ɗaya ba, kowace ta riƙe kundinta da sirrinta. Roƙon kaɗan ne: idan matashin nan ya tsaya gaban Hajiya ta Yamai, da yardarsa ta ɗan leƙa ta tambayi 'yar'uwarta, kin san wannan? Ita kuma ta amsa, na san shi, ga lambarsa, ba ya da bashin haraji. Haka nan in Bamaraɗe ya zo Gusau.

Don Allah, Hajiyoyi, ko wacce ce babba a cikinku ta fara yin sallama. Wake ba ya jiran sulhu, ƙwari sun fara shiga buhu.

Naku mai bin layi,
daga Ruwan Bore.